Giga Ɗaya Na Kwana Bakwai

A wurin aikinmu Malam Ragi suke kirana, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Ni ke sayo wa kamfani kaya, daga takardar firinta har tayar mota, kuma duk ɗan kasuwar da ya hango ni tafe sai ya gyara zama. Abin taƙamata ke nan a duniya, ba a cutata. Don haka da 'yan'uwa suka tsayar da magana cewa ni zan raka Baba ƙasar waje a yi masa aikin ido, sai na ɗauki zancen datar waya tamkar wata jarrabawa da aka shirya domina ni kaɗai.

Baba mai gyaran agogo ne, ko in ce a da. Idonsa na hagu ya mutu shekara huɗu da suka wuce, na dama kuma ya kama hanya. Likitan da ya tura mu bai ɓoye mana komai ba. In an yi aikin, ko dai ganin ya gyaru, ko ɗan abin da ya rage ma ya tafi lokaci guda. In ba a yi ba, zai tafi dai, sai dai a hankali. Baba ya ce a yi. A lokacin yana gane fuskar mutum in an matso kusa, yana kuma iya kallon hoto a waya in ya kawo ta dab da hancinsa.

Kwana uku na yi ina tankaɗe da rairaya a kan zancen datar. Akwai barin layin gida ya ci gaba da aiki a can, wanda na kira fashi da tsakar rana. Akwai sayen layin ƙasar a filin jirgi, mai lamba da komai, amma na ce ai 'yan filin jirgi da wuƙa a hannu suke jiran baƙo. Sai kuma layin matafiya, wanda data ce zalla a cikinsa, babu lamba, daga giga ɗaya har wanda ba ya ƙarewa. Yaya, babbar yayarmu, ta ce in sayi wanda ba ya ƙarewa, ita za ta biya. Nan fa ta taɓo ni. Ni za a saya wa data? Na zaunar da ita na yi mata lacca, na ce saƙon murya ba ya cin komai, kuma mu asibiti za mu, ba yawon buɗe ido ba. Ta ce, "Auta, araha fa ba ta ado." Na ce ai ni ba ado zan je yi ba.

Na sayi giga ɗaya na kwana bakwai. Layin gida kuwa na zare shi, na naɗe a takarda, na jefa a durowar ɗakina, don kada tsautsayi ya sa ya kama a can a zaftare min kuɗi. Na ji daɗin wannan dabarar har na ba abokan aiki biyu labarinta.

Masaukin da na kama mana shi ma zaɓina ne. Ɗaki mai gado biyu, da butar dafa ruwa, da taga mai kallon bayan wani gini inda na'urorin sanyaya ɗaki ke ɗigar ruwa wuni guda. A bango an manna takarda mai lambar waifai. Da na gwada ya ƙi, sai mutumin da ke karɓar baƙi ya ce ya lalace, gobe za a gyara. Kullum gobe. Ban damu ba, tunda ina da gigana a aljihu.

Da safiyar farko, muna shirin fita gwaje-gwaje, Baba yana zaune bakin gado yana laluben takalminsa, ya ce in yi irin kiran nan da ake ganin mutum, yana so ya ga ko ana wana agogon bangon falo. Na ce kiran bidiyo rijiya ce, rabin sa'a sai ya shanye abin da zai kai mu kwana biyu. Na tura wa Yaya saƙon murya, ta amsa cewa an wana. Na kara masa a kunne ya ji. Ya ce to, madalla.

Washegari ya ce yana so ya duba ko agogon na tafiya daidai, don kwanan baya yana ja baya da minti uku. Na ce ai tambaya ta wadatar. Rana ta uku ya ce ko ƙusar da aka rataye shi ta saki.

Kada in yi wa kaina ƙarya, na san inda agogon nan yake. Yana rataye ne daidai saman kujerar da Umma ke zama da safe, kuma babu yadda za a nuna shi a waya ba tare da fuskarta ta shigo ba. Shekara arba'in da shida suna tare, ban taɓa jin Baba ya ambaci sunanta ba, iyakarsa ya ce mutanen gida. Mutum irin wannan ba zai buɗe baki ya ce wa autansa yana kewar matarsa ba, sai dai ya bi ta agogo. Na gane sarai. Na dai ga ya fi min sauƙi in nuna ban gane ba, na kuma kwantar wa kaina da hankali cewa ranar aikin zan yi masa kiran, dogo, har ya gaji.

To ina datar ke tafiya? Nan ne abin kunyar. Tun a filin jirgi na ɗauki bidiyon matakala mai tafiya da kanta na ɗora a sitatus. Na ɗauki jirgin ƙasa, na ɗauki wani dogon gini na gilashi, na ɗauki kaina ina tafiya a titi hannu a aljihu, ina kallon gefe kamar wani ne ya ɗauke ni ban sani ba. Bayan kowane kuma sai in dinga leƙawa in ga su wa suka kalla. Akwai wani a ofishinmu da ya taɓa zuwa waje sau ɗaya ya hana kowa sakat, shi nake jira in ga sunansa. Baba na cikin ɗakin gwaji an kafa masa haɓa a kan na'ura, ni ina kan benci ina ƙirga masu kallo. A rana ta uku saƙo ya shigo cewa datar ta kusa ƙarewa. Na share shi da yatsa, na ce abin da ya rage ya isa kira ɗaya, kuma daga yanzu na kama kaina.

Ranar aikin muka isa asibiti da sassafe. Zauren shiga na da faɗi, ƙasa na sheƙi, ga wani ruwa na zubowa a jikin bango. Yayin da ake rubuta sunan Baba ana ɗaura masa abin hannu, zuciyata ta ce wannan kam ba fariya ba ce, neman addu'a ne. Na ɗauki zauren tun daga ƙofa har ruwan, na rubuta a ƙasa cewa a saka mu a addu'a, na tura. Ya daɗe yana juyawa kafin ya tafi.

Aka kai mu wani ɗakin jira a hawa na uku, kujeru jere a jikin bango, kowane majiyyaci da ɗan rakiyarsa. An sa wa Baba rigar asibiti mai ɗaurin baya da hular leda, abin da ya sa na ga ya ƙanƙance. Ya yi ta murza wuyan hannunsa inda agogonsa ke zama kafin a cire. Sai ya juyo da idon nan guda wajena.

"Auta, kira min mahaifiyarku. So nake in gan ta."

Babu agogo, babu ƙusa. Ban taɓa jin magana irin wannan daga bakinsa ba, kuma na san abin da ta ci masa kafin ta fito. Na ce yanzu kuwa, Baba. Na danna kiran, ya yi ta ƙoƙarin shiga ya kasa. Na sake. A saman waya ga saƙo yana jirana, datata ta ƙare, in ina son ƙari in bi ta nan.

Na bi ta nan ɗin. Na zaɓi mafi tsada, wanda ba ya ƙarewa, ko farashin ban duba ba. Na saka lambar katin banki. Banki ya ce ya tura min lambar tabbatarwa ta layina. Layin da ke naɗe cikin takarda a durowa, a gida. Na koma kan waifai na asibitin, shi kuma ya ce in ba shi lambar waya ta ƙasar zai turo min mabuɗi, ni kuwa layina na matafiya ba shi da lamba. Duk ƙofar da na tura sai in tarar ni na kulle ta da hannuna.

Baba ya tambaya ko ba ta ɗauka ba. Na ce sabis ne ba kyau a nan, hawa na uku ne. Ya ce to.

Abin da ya rage shi ne in roƙi wani. A kujerar da ke fuskantarmu akwai wata mata da ta rako tsohuwarta, tana ta latsa waya. Taku huɗu ne tsakaninmu. Wallahi na fi minti goma ina auna takun nan. Ina tunanin da wane baki zan fara, ni da ba na jin yarensu, ina tunanin za ta kalle ni ta ce ga baƙon da ya iya hawa jirgi amma ya kasa sayen data. Na tashi na je bakin taga ina ɗaga waya sama kamar mai neman sabis, don Baba ya ga ina wani abu. Ina can wata nas ta zo da 'yar kwalba, ta ɗaga masa haɓa, ta ɗiga masa magani a idon. Ta dawo ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Ta yi min bayani da hannu da 'yan kalmomi cewa maganin na buɗe ƙwayar ido ne, komai zai koma masa dishi-dishi, kuma saura kaɗan a shiga da shi.

Sai a lokacin ƙafata ta ɗauke ni. Na tsaya gaban matar, na nuna wayata, na nuna Baba, na haɗa hannu biyu. Ko sakan biyar ba ta ɗauka ba. Ta karɓi wayar, ta latsa, ta jona ni da tata, ta miƙo min tana murmushi, ta koma kan abin da take yi. Shi ke nan abin da na tsaya jin nauyinsa.

Yaya ce ta ɗauka, ta ce tun asuba suke zaune da wayar a gaba. Ta juya ta, sai ga Umma a kujerarta, ta yi wanka ta sha kwalli, ta yafa shuɗin gyale. Na durƙusa na sa wa Baba wayar a hannu. Ya kawo ta dab da hanci, ya ja da ita baya, ya karkata kai, ya sake matso da ita. Ruwan maganin na gangarowa ta gefen kumatunsa. Ina kallon idon yana yawo a kan gilashin, bai tsaya a ko'ina ba.

Umma ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta tambaya ko ya samu barci. Sai ta yi ƙasa da murya.

"Malam, kana ganina kuwa?"

"Tas nake ganinki," in ji Baba. "Ga ki nan da koren gyalen nan naki."

Na ga Umma ta kai hannu ta taɓa bakin gyalen a kafaɗarta, ta dube shi, ta ɗago.

"Shi ne kuwa," ta ce. "Ashe ka gane shi."

Nas ta turo keken majiyyata. Baba ya miƙo min wayar ta gefen da ba na nan, na zagaya na karɓa. Ya ce na gode, Auta, Allah ya yi maka albarka. Da mari ya ɗauke ni da ya fi min sauƙi. Aka tura shi, ƙofa ta rufe, na rage a tsaye da waya a hannu, Umma na kallona ta ciki. Kunya ta hana ni kashe kiran, ta kuma hana ni ɗaga ido.

Bayan kwana uku aka kwance bandejin. Yana bambance haske da duhu, yana sanin an gifta ta gabansa, iyakar abin da aka samu ke nan. Likita ya ce an yi iya ƙoƙari, Baba ya ce haka Allah ya so. Bai taɓa tayar min da zancen kiran ba, ko a ɗaki, ko a jirgi. Yaya ma da ta ga duk bidiyoyin da na ɗora, har da na zauren asibiti da lokacin da na ɗora shi, ba ta ce min uffan ba.

Ranar da muka dawo, na riƙo hannun Baba muka shiga gida a hankali, ina gaya masa inda dandamali yake. Umma na tsaye a bakin ƙofar falo tana jiranmu, ta yafa koren gyale.