Takalmin Baba Tela a Layin Zaɓe

Wannan ne karo na huɗu da na shugabanci rumfar zaɓe, kuma duk a ajin da nake koyarwa, aji uku, mai tagar nan da ba ta rufuwa. Aikin ba ya ba ni tsoro. Tun da safe ni da mataimakina, malamin lissafi, muka jingine bencina a bango, muka ja teburina bakin ƙofa, muka kare kusurwar allo da kwali don mai dangwalawa ya samu sirri. Na ɗaga akwatin ƙuri'a na kife shi a gaban wakilan jam'iyyu, kowa ya ga babu komai ciki, sannan na rufe na sa masa hatimi.

Cikin wakilan akwai ƙanin mijina, wakilin jam'iyya mai alamar tsani. A gidana yake cin abincin rana kusan kullum, amma ranar ya zo da wata ƙatuwar takarda rataye a wuya yana taku kamar shi ya gina makarantar.

"Matar Yaya, yau fa ido zan sa miki."

"Sa duka biyun," na ce masa. "Kuma yau shugabar rumfa nake, matar Yayanka tana gida."

Wajen sha biyu rana ta ɗau zafi, layi kuwa ya kai har gindin tankin ruwa. Na leƙa na ga tsofaffi suna tangaɗi, raina ya ƙi. Na fito na ce duk dattijon da tsayuwa ta gagara ya cire takalminsa ya bari a layi, ya koma inuwar baranda ya zauna, takalmin zai riƙe masa wuri. Na tambayi wakilai ko akwai mai ja, suka ce babu. Na rubuta a littafin rumfa, kowa ya sa hannu, har da ƙanin mijina, wanda sa hannunsa kaɗai ya cinye layi uku.

A barandar nan Baba Tela da Mahauci suka haɗu, sai ka ce ba su gaji da juna ba. Shagunansu bango ɗaya ya raba, kuma shekara talatin ke nan ba su taɓa zaɓar mutum ɗaya ba. Baba Tela ɗan jam'iyya mai alamar fitila ne, Mahauci ɗan tsani. Duk unguwa ta san maganar da Baba Tela yake yi kowane zaɓe: shi ba don ɗan takara yake fitowa ba, yana fitowa ne ya kashe ƙuri'ar Mahauci. Ranar ma ya maimaita, ya ajiye silifas ɗinsa a layi, shuɗi, ƙafar hagu an ɗinke igiyarta da jan zare. Mahauci ya ce shi bai tsufa ba tukuna, ya koma shago ya sallami masu sayen nama, sai daf da lokacin rufewa ya dawo ya bi layi.

Ban ga fitar Baba Tela ba. Daga baya aka gaya mini 'yarsa ce ta zo a guje wajen ƙarfe uku da rabi, ta ce mahaifiyarta ta zame a banɗaki ta kasa tashi. Ya miƙe ya bi ta haka nan, ƙafa ba takalmi.

Ƙa'idar rufewa a bayyane take. Ƙarfe huɗu daidai mataimaki zai je ya tsaya a bayan mutum na ƙarshe. Duk wanda ke gabansa zai yi zaɓe ko da za a kai yaushe, wanda ya zo bayansa kuwa sai haƙuri. Da na ƙarshen ya jefa ƙuri'arsa, an rufe akwati. Huɗu na bugawa na tura malamin lissafi, ya tsaya a bayan Mahauci, don shi ne ƙarshe. Mutum tara suka rage, da silifas shuɗi ɗaya a tsakiyarsu. Duk sanda layi ya matsa, wanda ke bayan takalmin sai ya tura shi gaba da ƙafa, ba tare da an sa shi ba.

Da takalmin ya iso bakin ƙofa na kira mai shi sau uku, shiru. Ƙanin mijina ya taso.

"Shugaba, a cire wannan. Takalmi ba ya zaɓe."

"Kai ka sa hannu cewa yana riƙe wuri."

"Na mai zaune a baranda na sa wa hannu, ba na wanda ya tafi gida ba."

Maganarsa ba shirme ba ce, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce takalmin ya shiga layi kafin huɗu da iznina, don haka wurin Baba Tela yana nan muddin layi bai ƙare ba. Amma ba zan tsayar da rumfa ina jiran silifas ba. Na bayansa su wuce, kuma da na ƙarshe ya jefa zan rufe, ko Baba Tela yana bakin ƙofar makaranta ne. Na faɗa da ƙarfi, amma ba don ina so ba. Ni na ce wa tsohon ya cire takalminsa, shi ya ɗinka mini rigar makarantata ta farko, kuma na san idan lokacin ya yi zan rufe ɗin.

Mutum huɗu suka wuce ɗaya bayan ɗaya, cikin minti goma an gama da su. Saura Mahauci. Ya tako har gaban teburina, ya dubi silifas ɗin, ya dube ni.

"Baba, katinka," na ce.

Ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da goro ya mayar. Ya laluba na gefe, ya zaro makullai, ya jera su kan teburina ɗaya ɗaya. Mutumin da ko sakan biyu ba ya bari mai ciniki ya yi tunani a gaban teburinsa, yau shi ne yake zazzage aljihu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Malama, da shi fa na fito. Bari na duba da kyau."

Ƙanin mijina ya matso ya rage murya, amma ina ji. "Baba, namu ne kai fa. Ka jefa a rufe, ƙuri'a ɗaya ta ragu a nasu."

"Ɗana, ka taya ni nema mana, maimakon surutu."

Ƙanin mijina ya juyo kaina. "Shugaba, wannan ɓata lokaci ne da gangan."

Na buɗe littafin ƙa'idoji na miƙa masa. "Nuna mini shafin da ya faɗi minti nawa mai zaɓe zai yi yana neman katinsa. Yana cikin layi kafin huɗu, sunansa yana cikin rajista. Ba ni da ikon korarsa, ba ni da ikon rufewa yana tsaye." Ya yi ta buɗe shafuka, na ƙyale shi, don na haddace littafin tun yana makarantar sakandare. Duk da haka na duba agogo na ce wa Mahauci ƙarfe biyar ba za ta same mu a haka ba, idan katin bai fito ba zan rubuta cewa ya zo babu kati. Ya ce ya ji. Ya cire takalminsa na dama ya leƙa ciki.

Biyar saura kwata malamin lissafi ya ce, "Ga shi nan." Baba Tela ne ya shigo ta ƙofar makaranta, yana ɗingishi a kan tsakuwar fili, rigarsa jiƙe da gumi. Bai kalli kowa ba sai da ya zo ya zura ƙafafunsa cikin silifas ɗin. Na tambaye shi jikin matarsa, ya ce hannu ne ya goce, an ɗaure, tana gida tana yi masa faɗan ya fita ba takalmi.

Na duba katinsa, na ja layi a kan sunansa, na buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a na ba shi. Ya shiga bayan kwali, ya fito ya jefa, malamin lissafi ya shafa masa tawada a farce. Sai a lokacin Mahauci ya cire hularsa, ya zaro katin daga cikinta.

"Af, ashe nan na sa shi."

Baba Tela ya tsaya a bakin ƙofa har maƙwabcinsa ya jefa tasa. "Kada ka ɗauka don ka jira ni na canza. Na kashe ta, kamar kullum."

"Na sani," in ji Mahauci, yana kwashe makullansa daga teburina. "Shekara talatin kana kashe mini ita. Yau da na jefa ba ka nan, da ban san na yi zaɓe ba."

Na toshe bakin akwatin, na sa hatimi, na rubuta lokaci: biyar saura minti shida. Na miƙa wa ƙanin mijina biro. Ya daɗe yana kallon tsofaffin biyu suna ratsa fili, Mahauci ya riƙe wa Baba Tela gwiwar hannu saboda ƙafar, suna tafe suna musu. Sannan ya sunkuya ya sa hannu, kuma wannan karon layi ɗaya ya ishe shi.