Reshen Itaciyar Madam

Saratu na cikin tuƙin tuwo a gidan abincin da take aiki a unguwar Deira ta Dubai sai Idris direba ya kira ta. Ya ce mijinta Ɗalhatu ya yanke jiki ya faɗi a lambun gidan da shi da Ɗalhatun suke wa aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ta saki muciya ta zauna daɓas a ƙasa.

Bayan kwana uku ta je kwaso kayansa. Ba wani abin kirki take nema ba, ko hularsa ce ta samu ta riƙa shinshinawa. Sai ta tarar an share ɗakinsa tas, wani ɗan akurki jikin injin ruwa, zafi kamar gidan burodi.

"Malam Idris, ina kayan?"

"Wallahi Yaya, Madam, matar gidan, ta sa an zubar. Wai tsoron cuta."

Ya ja ta lambu ya nuna mata abin da Ɗalhatu ya kinkimo ya faɗi: wata itaciya mai ƙaya cikin ƙatuwar tukunyar siminti, ba ganye, sai jajayen furanni a tsirarun rassa. Kwins ake ce mata. Madam Baturiya ce, daga ƙasarsu ta sa aka kawo, wai furen na tuna mata ƙarewar sanyi a gidan uwarta. To itaciyar ba ta fure sai ta sha sanyi, don haka aka ware mata ɗaki guda mai esi, Ɗalhatu na zuba mata ƙanƙara safe da yamma.

"Ita a esi, shi a wancan ramin?"

"Khalas, shi ke nan, Yaya. Ki bar wa Allah."

Sai ga Madam da almakashi, idanu jage-jage da hawaye. Ta datse reshe guda ta miƙo, tana ta zuba Turanci.

"Me take cewa?"

Idris ya sunkuyar da kai. "Ta ce sai bana itaciyar ta fara fure, hannunsa na da albarka. Ta ce ko kin san wani ɗan ƙasarku mai ƙarfi kamarsa?"

Yawu ya taru a bakin Saratu. Ta so ta watsa mata reshen a fuska. Amma duk faɗin Dubai ba sauran abin da hannun Ɗalhatu ya taɓa sai wannan tsiyar. Ta karɓa, ƙaya ta soke ta, ba ta ce na gode ba.

Kafin bas ta kai ta Al Warsan, unguwar da take kwana, furen ya kakkaɓe. Ta dasa reshen a gwangwanin madara, bai tsira ba, ya bushe ƙayau. Matan ɗakinsu sun gaji da ce mata ta yar da shi.

Har yau kowace safiya takan rage ruwan shayinta, ta tsiyaya masa da ɗuminsa. "Sha, marar kunya," take cewa. "Nan ba mai ba ka ƙanƙara."