Goɗiyar Yayata

Da aka ce Niyu Zilan za ta tura mayaƙa Afirka ta Kudu su taya Ingila yaƙi, abin da ba mu taɓa yi ba, sai aka gindaya sharaɗi: kowa ya zo da dokinsa. Ni Ewan ko jaki ban mallaka ba. A gonarmu ta tumaki a Otago dabbar hawa ta kirki ɗaya ce, Tui, goɗiyar yayata Effie.

"Kai da ko zomo ba ya tsoron bindigarka?" in ji Effie. "Ɗauke ta. Amma ka buɗe kunne, in ba da ita ka dawo ba, kada ka tako gidan nan."

Na ce, "Yaya, ko mu dawo tare, ko kada kowa ya dawo." A gaban Baba na rantse, bakina bai ko yi nauyi ba.

Shekara guda muna bin manoman Boer, Turawan ƙasar da Ingila ke yaƙa, a daji, muna ƙona gidajen da suka yi kama da namu. Wannan har yau yana ci min rai. Dawakai suka yi ta faɗuwa da ciwon ƙasar. Tui ma ya kama ta, ta tashi.

Ana saura kwana biyu mu shiga jirgin ruwan gida, Saje Dalgleish ya tara mu a sansani. Ya ce doki ko ɗaya ba zai hau ba, kada a kai wa dabbobin gida cuta.

Na ce, "Saje, aro na yi ta fa!"

"To ka kai wa mai ita wutsiyar, ɗan samari. Masu ƙarfi su ja keken soja, sauran kuma a sa musu harsashi."

Na bi hafsoshi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tura ni gaba. Ƙofa ɗaya ce a buɗe. Ana ɗaukar 'yan sandan doki da za su zauna a ƙasar, wanda ya shiga ya riƙe dokinsa, amma shekara uku cur, wanda ya gudu kuma kurkuku. Na tuna fuskar Effie. Na sa hannu.

Ina kan Tui na ga jirgin ya tashi, abokaina suna ɗaga min hula suna tsokanata wai na auri goɗiya, suna ihu, "A gai da amarya!"

Aka kai ni wani ɗan ofis na kwanon rufi a tsakiyar fili, ba itace, ba tudu, sai waya mai ƙaya. A sati na biyu wasiƙar Effie ta iso, ta yi wata biyu tana bin sawuna.

"An ce ba za a bar dawakai su dawo ba. Na san halinka, sakarai, wasa nake yi. Ka bar ta. Jikin Baba ya yi tsanani, ba ya cin abinci sai an zaunar da shi a kujera a baranda yana kallon hanya. Ka biyo jirgin farko."

Na fita da takardar a hannu. Tui tana cin ciyawa a jikin waya, ta yi ƙiba, gashinta sai sheƙi yake. Ta ɗago kai, ta taho a guje, ta ɗauka sukari na kawo mata.