Akwatin Mama Bai Yi Nauyi Ba

Mazan coci na sauke akwatin gawar daga ambulan a ƙofar gida a Unguwar Boro, sai na gaba ya ce wa na baya ƙasa-ƙasa, "Kai, Mama ba nauyi fa." Ba don kowa ya ji ya faɗa ba, amma maganar ta faɗa kunnen Jemimah, babbar 'yar marigayiyar, ta kuma ƙi fita.

Ba nauyi? Duk wanda ya san Mama Vicky ya san mace ce mai jiki, irin wadda in ta shiga keke napep sai ya karkata gefe guda, direba ya hau roƙon ta ta matsa tsakiya. Ciwon da ya ɗauke ta ma bai ba ta lokacin ramewa ba. Ta faɗi bayan sujadar Lahadi, kafin tsakiyar mako ta rasu. To ina nauyin ya tafi?

Jemimah ta ratsa kujerun roba da aka jera ƙarƙashin kanofi, ta jawo ƙanenta Tony bayan tankin ruwa. Shi aka aika da asuba ya karɓo gawar daga mutuware, ɗakin ajiye gawa.

"Tony, ka ga fuskarta?"

"Haba Sista, wace irin tambaya ce wannan? Ma'aikacin wurin ya ɗaga murfin, na ga yunifom ɗinta na Zumunta, zanin da farar rigar. Na ce ita ce, kafinta ya buga ƙusa."

"Fuska na tambaye ka."

Tony ya sunkuyar da kai. Ƙaton saurayi mai gemu, amma tun yana yaro ko kaza ake yankawa sai ya bar gidan. "Ban iya ba, Sista. Ina ganin zanin idona ya cika."

"Akwati nawa ka tarar a wurin?"

"Biyu. Iri ɗaya ne, kafinta ɗaya ke yi musu."

Jiya matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, suka je suka yi wa Mama wanka, suka sa mata yunifom, suka kwantar da ita a akwati don a ɗauko da safe. Haka ake yi wa kowace 'yar Zumunta. Daga Kaduna har Kafanchan, duk macen ikilisiyarsu da ta rasu da wannan zanin da wannan farar rigar take tafiya. Wanda ya duba kaya bai duba fuska ba, bai duba komai ba.

Ta nufi Kawu Monday, yayan mahaifiyarta, wanda tun da aka yi rasuwar ba a motsa ko kujera sai da izininsa. Ta durƙusa gefensa ta faɗa masa. Dattijon ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke Jemimah, baƙin ciki ne ke miki magana. Mun zauna mun yanke, ba za a buɗe akwatin nan ba. Kin san yadda wuta ke wasa a mutuwaren nan. So kike jama'a su ga ƙanwata a yanayin da ita kanta ba za ta so ba?"

"Kawu, ni kaɗai zan leƙa."

"Da me? Kafinta ya tafi da gudumarsa. Je ki zauna, ana gama addu'a za mu kama hanyar ƙauye."

Ta koma ta zauna, ta rungume jakarta. Ta cikin fatar jakar ta ji taurin abin a tafin hannunta. Ɗan ƙarfe ne da tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, bakinsa ɗaya mai faɗi kamar na cokali, ɗayan a tsage don cire ƙusa. Shagon fenti gare ta a unguwar Television, kuma da shi take ɓamɓare murfin gwangwani ba tare da ta karya farce ba. Da shi take ɓalle katakon kaya in an kawo, da shi take tura ƙofar shago in damina ta kumbura ta, har dutsen da ya maƙale a takalmin kwastoma ta taɓa cirewa da shi. Tony kan yi mata tsiya wai mata na yawo da hoda, ita tana yawo da kayan ɓarayi. Ko coci ba ta zuwa ba shi, ba don wani dalili ba sai sabo.

Fasto ya fara wa'azi. Jemimah ba ta ji ko kalma ɗaya ba, tsoro iri biyu ne ke tuƙa ta. In ta buɗe ta tarar Mama ce, ta tozarta uwarta a gaban unguwa, ta taka maganar Kawu, kuma har ta mutu za a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda ta fasa akwatin uwarta. In kuma ta yi shiru alhali ba ita ba ce, to baƙuwa za a kwantar kusa da Babansu a ƙauye, wurin da Mama ta sha nanata cewa nan take so, ita kuwa Mama a binne ta a ƙasar da ba wanda ya san sunanta. Faston kuwa, Allah ya yi masa baiwar dogon numfashi, duk inda ka zaci ya zo ƙarshe sai ya buɗe wata ayar.

Da ya ce amin, matan Zumunta suka miƙe. Al'adarsu ce su kewaye akwatin 'yar'uwarsu su yi mata waƙar sallama, maza su ja baya, har Kawu da kansa. Jemimah ta kutsa cikinsu ta kama hannun shugabarsu, Mama Dorcas, ta raɗa mata komai cikin numfashi ɗaya.

Tsohuwar ta dubi akwatin, ta dubi Jemimah. "Ni na sa mata ɗankwali jiya. In ita ce, ni da ke kaɗai muka gani. Kina da abin buɗewa?"

Jemimah ta nuna mata bakin jaka.

Mama Dorcas ta yi wa matan alama da ido. Suka matso kafaɗa da kafaɗa, suka ba maza baya, masu buga tulu suka ƙara hannu, waƙa ta tashi sama fiye da yadda aka saba. Jemimah ta durƙusa ta wajen kai. Ƙarfen ya zame ya yanke ta a yatsa. Ta goge jinin a zaninta, ta sake cusa faffaɗan bakin tsakanin murfi da katako, ta danna. Ƙusa ta yi ƙara ta ɗago kai. Ta juya tsagaggen bakin ta zare ta. Ta matsa ga ta gaba, tana addu'ar da ita kanta ba ta san me take roƙo ba, a ce Mama ce ko a ce ba ita ba.

Murfin ya saki. Su biyu suka ɗaga shi kaɗan.

Wata 'yar tsohuwa ce siririya kwance cikin yunifom ɗin Zumunta, da tsage a kumatunta, hannuwanta a naɗe bisa ƙirji.

"Yesu na!" Mama Dorcas ta dafe kai. "Wannan ai Mama Lydia ce ta reshen Unguwar Mu'azu!"

Waƙa ta tsinke. Kawu Monday ya taso da faɗa a bakinsa, matan suka buɗe masa hanya. Ya leƙa sau ɗaya, ya cire hularsa, ya nemi kujera bai samu ba sai ya zauna a ƙasa. Tony ya fashe da kuka. Jemimah ba ta da lokacin kowa.

"Mama Dorcas, ke nan tawa na hannun mutanen Mama Lydia, ina za su kai ta?"

"Ƙauyensu bayan Kujama yake. Ai ba nisa, ƙila ma sun isa tuni."

Mama Dorcas ta kira shugabar wancan reshen, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta kira ma'ajiyarsu, a kashe. Kowace mace a da'irar ta zaro waya tana laluben wanda ta sani a Unguwar Mu'azu. Can wata ta ɗaga hannu, ta samo lambar ɗan Mama Lydia, Stephen. Jemimah ta fizge wayar. Aka ɗauka, kuma abin da ta fara ji shi ne waƙa da kukan mata.

"Wa ke magana? Muna bakin kabari, a kira anjima."

"Don girman Allah kada ka kashe! Sunana Jemimah, daga Unguwar Boro. Kada ku zuba ƙasa. Mamarka na nan gabana, wadda ke wurinku tawa ce."

"Madam, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Tana da tsage a kumatu. Ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe yake."

Sai muryarsa ta yi nisa da wayar, yana ihu, "Ku tsaya! Ku ajiye shebur! Ku ajiye na ce!" Waƙar can ma ta mutu.

Ya dawo kan layi. "Fasto ya riga ya watsa ƙasar farko. Amma ba mu rufe ba, yanzu za mu ɗago ta." Sai ya ƙara da cewa, "Sista, tawa fa? Yaya take?"

Jemimah ta duba. Girgizar mota ta zame wa tsohuwar ɗankwali, furfurarta ta fito ta gefe. Ta maƙale wayar a kafaɗa, ta sa hannu biyu ta gyara mata ɗaurin a hankali.

"Tana nan tsaf, ɗan'uwana. Ba zan tashi daga wurinta ba sai ka zo. Kai ma ka zauna kusa da tawa, kada ka bar ta cikin rana."