Duwatsun Oyewole da Zanen Shuni

Tun da Oyewole ya ajiye aiki a tashar jiragen ruwa ya dawo gida Badagry, wata sabuwar fitina ta kama shi, wato kiwon kifin teku a akwatin gilashi. Ya girke akwatin a falo, daidai kusurwar da matarsa Morenike ke jibge zannuwan da ta rina. Kifayen ma ba su ne damuwarsa ba. Burinsa duwatsun ciki su yi gansakukar nan mai tauri, launin shunayya, wadda masu wannan harka ke taƙama da ita.

Wata biyar, duwatsu na nan fari fat kamar ƙashi.

"Baban Dupe," in ji Morenike, "na ba ka zuwa Ista. In duwatsun nan ba su yi launi ba, akwatinka ya koma rumfar kwano ta baya."

Ya san zafin kwanon rumfar nan zai dafa masa kifaye cikin kwana biyu. Kuma Morenike ba ta magana biyu.

To shi a saninsa, duk abin da ke tsiro haske yake so. Sai ya ƙaro ƙwan fitila fari har uku, ya yaye labulen taga, rana ta riƙa dukan gilashin tun hantsi. Falo ya koma kamar shagon mai ɗaukar hoto. Ai kuwa abu ya tsiro, amma kore ne, mai yauƙi, mai ƙarni. Ɗan ɗigon shunayyan da ya zo da duwatsun ma ya koɗe.

"Miyar ewedu kake dafa mana a gilashi?" ta tambaye shi. "In kawo amala?"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ana saura mako bakwai Ista, ya je Ibadan jinyar yayansa. Ya bar mata dokoki a takarda, har da ja musu layi: kada a kashe fitila, kada a rufe taga. Jinya ta ja shi kwana arba'in, kullum zuciyarsa na falo.

Da ya dawo, tun daga ƙofa ya ga ta'asa. An cire ƙwan fitila biyu. An rufe tagar da wani siririn zanen adire mai shuni, hasken da ke ratsowa ya zama shuɗi, mai sanyi. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan duwatsun. Ɗigo-ɗigo na shunayya, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai farcen yatsa, har jikin gilashin. Dattijo ya durƙusa yana ƙirgawa yana dariya shi kaɗai.

"Iyan Dupe, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Launi kake nema, ka kuma sa masa rana a ka. Ka taɓa ganin na shanya rinina a tsakar rana?"

Gaskiya bai sani ba.

"Shekara talatin da huɗu kana tsallake shanyata a ƙarƙashin mangwaro," ta ce, "ko sau ɗaya ba ka tambayi dalili ba."

"Amma da kin ƙyale ni, da kusurwar ta dawo hannunki."

"Da kuma na zauna da tsoho mai kumburin fuska har Kirsimeti. Wanke hannu, abinci na hucewa."

Ya ci abincin, amma kunya ta hana shi ƙari. Washegari da safe ya ɗauki 'yar kujera ya nufi gindin mangwaro, inda take tsoma zane a tukunyar shuni. Ya zauna, ya gyara murya.

"To, me ya sa yake fitowa kore, sannan ya koma shuɗi?"

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta miƙa masa ɗaya bakin zanen ta ce ya riƙe da kyau.