Juzu'i na Biyu Ya Tsaya a Kano

A watan Agusta na 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka shiga rabon kaya, har da littattafai. Masu rabon sun bi ƙidaya, ba su bi suna ba. Ta haka wani labari mai juzu'i biyu ya rabu: na farko ya zo Dutse a kwali, na biyu ya tsaya a Kano.

Malam Falalu, mai kula da wani ƙaramin laburare a unguwar Takur ta Dutse, shi ya kafa zaman karatu kowace Alhamis bayan la'asar. Su tara ke zuwa, galibi ma'aikatan da suka baro iyalansu a Kano. Nufinsa a karanta a yi muhawara, amma su karatun zaure suka sani: ya karanta, su ce na'am, a shafa fatiha.

Labarin na wani manomi ne da ya tafi Makka a ƙafa, ya bar wa ƙanensa amanar gona. Juzu'in farko da Falalu ya karanta musu ya ƙare manomin yana Sudan. Da suka tambayi ƙarshen, Falalu, wanda suka ɗauka babu littafin da bai karanta ba, ya ji nauyin cewa bai sani ba. Ya ce mutumin ya dawo, ƙanen ya mayar masa da gonarsa. Suka ce na'am.

Bayan mako uku ɗaya daga cikinsu, Alhaji Nata'ala, malamin gona, mutumin Garki, ya dawo daga Kano da aron juzu'i na biyu.

"Malam, ga ɗan'uwansa. Ban buɗe ba, tunda ka riga ka gaya mana."

"Ko dai tabarau ka manta, Alhaji?" in ji Uwaisu akawu.

"Kai mai tabaran, ba gyangyaɗi kake zuwa yi ba?"

Suna dariya Falalu ya duba babin ƙarshe. Manomin bai dawo ba. A gonakin auduga na Sudan ya rasu, ƙanen ya tsufa yana jiransa. Falalu na iya tsallake shafukan, babu mai tuhumarsa. Ya zauna ya karanta musu duka.

"Abin da na faɗa muku ba shi ba ne," ya ce. "Ban taɓa karanta wannan juzu'in ba."

Nata'ala ya gyara zama.

"To ni naka ya fi kama hankali. Wa zai bar gonar gado ya zauna noman wani?"

"A'a, Alhaji," in ji Uwaisu. "A Taura ƙanen kakana haka ya tafi, ko wasiƙa ba a gani ba."

Suka yi ta ja har aka kira magariba, kuma babu wanda ya juyo wurin Falalu neman hukunci.

Alhamis ta gaba, da ya buɗe sabon littafi, Uwaisu ya miƙo hannu.

"Malam, ka yi haƙuri, a ba ni na gani da idona."

Falalu ya miƙa masa.