Tawadar Allah a Tafin Inna

Inna Hamsatu tana alwalar la'asar a bakin rijiya ranar da Iklima ta lura da abin. Tsohuwar ta ɗaga ƙafar hagu za ta cuɗa, sai ga baƙin tabon nan na tafinta, wanda tun Iklima tana yarinya bai wuce ƙwayar dawa ba, ya bazu ya kai faɗin farcen babban yatsa. Gefensa ya yi cako-cako, wani wuri baƙi wuluk, wani wuri ja-ja.

"Inna, yaushe wanga abu ya girma haka?"

"Tawadar Allah ce, da ita anka haife ni. Ke kuma mi ya kai idonki ƙarƙashin ƙafata?"

Iklima malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Aliero, sai ranar Juma'a take zuwa gida Giwa Tazo. Ba likita ba ce, amma ta yi karatun da ya isa ya hana ta barci. Tawadar Allah da ta shekara hamsin a zaune ba ta tashi ta fara tafiya haka kawai. Sai da ta yi mako uku tana lallashi kafin Inna ta yarda su je Jega, inda wani likitan fata yake zuwa sau ɗaya a wata, a wani asibiti mai zaman kansa da ke Sabon Gari.

Likita Hashim ya haska tabon da wata 'yar fitila mai gilashi, ya daɗe yana kallo, sannan ya koma kan takardarsa.

"Za mu ɗan yanki kaɗan mu aika Sakkwato a auna."

"Likita, me zai hana a cire shi duka?" in ji Iklima. "In an cire, sai a aika da shi gaba ɗaya."

"Tafin ƙafa ne, kuma abin yana da faɗi. In ba komai ba ne, na bar mata rami a inda take takawa. In kuma mugun ne, yankan da za a yi ya fi wanda kike zato. Sai na san da wa nake faɗa."

"Amma kafin sakamako ya fito..."

"Malama, ke ce likitan ko ni?"

Ko kai bai ɗago ba da ya faɗi haka. Iklima ta haɗiye maganarta. Inna kuwa abin da ya dame ta daban ne. Duk Giwa Tazo an san ciwon daji ba ya son ƙarfe. In aka taɓa shi aka bar shi, an tsokane shi ke nan. Ta riƙe hannun 'yarta ta ce a hankali, "Ɗiyata, in za su taɓa, su kwashe duka." Iklima ta ce mata ta yi haƙuri, likita ya fi su sani. Ita da kanta ta danne ƙafar aka yanka.

An ce sakamako zai fito cikin mako biyu. Aka yi wata biyu. Wajen yankan ya ƙi warkewa, kullum sai ya jiƙa tsumma da jini. Lokacin cirar albasa ya zo ya wuce Inna tana zaune a kan tabarma, ita da ba ta taɓa bari wani ya cire mata albasarta ba. Matan unguwa suna shigowa sannu, su leƙa ƙafar, su girgiza kai, su ce, "Ai an tsokane shi." Ba su kallon Iklima in suna faɗa, amma ta san da wa suke.

Da suka koma Jega, Likita Hashim ya buɗe takardar da ta zo daga Sakkwato, ya yi tsaki.

"Sun ce naman bai isa a gane komai ba. Sai mun sake ɗauka."

"A sake yanka? Wata biyu tana zubar da jini, a ce bai isa ba? Wa ya yanko wanda bai isa ba?"

"Yana faruwa."

"To yau ka cire shi duka. Ga ta nan, ga ƙafar."

"Na gaya miki dalili. Kuma yau ma ba zai yiwu ba, ruwan da ake saka naman a ciki ya ƙare. Ku dawo wata mai zuwa. Na gaba!"

Iklima ba mai hayaniya ba ce. Ko a aji, ɗalibai sai sun yi shiru suke jin muryarta. Amma ranar, da suka isa gida, ta tsaya a tsakar gida ta zazzage duk abin da ta kasa faɗa a gaban likita. Ta ce suna tsakurar mutum kamar mai ɗanɗana miya. Ta ce abin da za a yi rana ɗaya a huta, sun mai da shi wasan yara. Ta ce wallahi da ta iya riƙe wuƙa, da tuni ta kwashe shi duka ta jefar.

Yayanta Murtala yana gefe yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Sau ɗaya ya ɗago ya tambaye ta, "Ke nan cirewa duka ita ce magani?" Ta ce, "Tun farko ma!" Ta shiga ɗaki ta bugo ƙofa.

Juma'ar da ta biyo baya ta tarar da Inna a bakin murhu tana dariya da maƙwabta, ƙafar a naɗe da sabon ƙyalle.

"An rabu da shi, ɗiyata. Ran Litinin Murtala ya kirawo Waliyyu wanzami. Hannunsa da albarka, duka ya kwashe, ko ɗigo bai bari ba."

Jakar Iklima ta zame daga kafaɗarta.

"Ina naman?"

"Wane nama?"

"Wanda anka cire, Inna! Ina yake?"

Inna ta dube ta kamar ta yi saɓo. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, ina za a kai shi in ba ƙasa ba? An naɗe shi a farin ƙyalle, Murtala ya binne a bayan rumbu, yadda ake yi wa cibiya.

Iklima ta ɗauki fartanya da kayan makarantarta a jiki. Ta tona inda ƙasar ta nuna sabon juyi, ta ajiye fartanyar ta ci gaba da yatsu. Kwana huɗu cikin zafin bazara. Ƙyallen ta samu, da tururuwa.

Murtala ya tsaya a kanta. "Haukacewa kinka yi? Mi mutane za su ce?"

"Kun binne amsar! Shi kaɗai ne zai gaya mana ko ya yi saiwa a jikinta, kun ba tururuwa!"

"A'a, tsaya nan, Malama. Wa ya tsaya wurin ga ya ce a cire duka? Ni na yi jami'a? Likitanki ya tsakura ya bar ta da jini wata biyu, ke kin ce cirewa ce magani, na nemo mai cirewa. Yanzu kuma ni ne jahili?"

"A asibiti nake nufi, Yaya! A cire a auna!"

"Ba ki ce a auna ba. Jefarwa kinka ce."

Ta saki ƙyallen cikin ramin, domin haka ɗin ta ce.

Kafin wata ya zagayo, wani ɗan baƙin zare ya sake bayyana a gefen tabon askar, Inna kuma ta fara jin kaluluwa a matsematsinta. Da ƙyar ta yarda da komawa Jega. Ta ce, "Wanga ne na ƙarshe. In na ji abin da hankalina ya ɗauka, to. In ban ji ba, kada ki sake kira mani sunan asibiti."

Likita Hashim ya kwance ƙyallen, ya ga aikin aska, ya jefar da safar hannunsa a kan tebur.

"Wa ya yi wannan ɓarnar? Ke da kike da ilimi, kina kallo aka kai ta wajen wanzami?"

"Da ka cire ranar farko, da wanzami bai gan ta ba!"

"Da kun jira wata ɗaya, da yanzu ina da abin aunawa. Yanzu ban san zurfinsa ba, ban san iyakarsa ba. Sai a yanke wurin da faɗi, a tsaga matsematsin a ɗauko kaluluwar, a aika Sakkwato."

"A aika Sakkwato! A sake cewa bai isa ba? A sake cewa ruwa ya ƙare? Wata uku kana ganinta, ka taɓa gaya mata da bakinka abin da kake tsoro? Ko sunanta ka sani ba tare da ka duba kati ba?"

"Mutum sittin nake gani a yini, ni kaɗai, daga nan har Yauri. Kada ki ɗora mini laifin gidanku."

"Laifin gidanmu? Kai ka fara taɓa shi!"

Muryoyinsu sun cika ɗakin, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta koma. Shi yana buga biro a tebur, ita tana nuna shi da katin asibiti, kowa yana cewa "ita", "ƙafarta", "jikinta", ta saman kan matar da ke zaune a tsakaninsu.

Inna Hamsatu ta sunkuya ta ɗauki ƙyallenta daga ƙasa. Ta naɗe ƙafar a hankali, ta ƙulle bakin da kyau, ta zura silifas ɗinta. Iklima ta gan ta da wutsiyar ido, ta ɗauka gyara zama za ta yi, ta ci gaba da maganarta. Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ɗaga labule ta fita.